Tikitin yini a jiragen Berlin: saye kaɗai bai fitar da kai ba

Tashoshin jiragen cikin gari na Berlin, S-Bahn da U-Bahn, ba su da shinge ko ƙofar da ke neman tikiti. Kana sauka dandamali sai ka shiga jirgi abinka. Wannan sakewar ce ke yaudarar baƙi, domin dokar na nan daram, sai dai a cikin tarago ake tsare ta.

Tikitin yini na takarda yana aiki awa 24, amma lissafin yana farawa ne daga lokacin da ka zura shi cikin ƙaramin akwatin da ke bakin dandamali ya buga masa hatimi mai nuna tasha da rana da lokaci. Tikitin da ba a buga wa hatimi ba, a wurin doka daidai yake da babu, ko da yanzun nan ka biya kuɗinsa. Sau ɗaya ake bugawa. Ka buga sau biyu, ka ɓata shi. A kula da shiyya kuma: an raba birnin da kewayensa shiyya uku, A da B da C, kuma filin jirgin sama na BER da garin Potsdam duk a C suke, tikitin AB ba ya kai ka can.

Masu duba tikiti sau da yawa cikin kayan gida suke. Sai ƙofa ta rufe, jirgi ya tashi, sannan su fiddo katin shaida, ɗaya daga wannan ƙarshen tarago, ɗaya daga wancan. Kana da damar ka nemi ganin katin nan, kuma kada ka miƙa wa kowa kuɗi ba rasit. Wanda aka kama, a sauke shi a tasha ta gaba, a ɗauki sunansa da adireshinsa, a ɗora masa Yuro 60. Tun 2015 farashin ke nan. Kafin nan 40 ne. Akwai sassaucin da ke mai da kuɗin Yuro 7 ga wanda ya manta tikitinsa mai ɗauke da sunansa a gida ya kawo daga baya, amma tikitin yini na takarda ba shi da suna, don haka bai samu shiga ba.

Inda abin ke ci mini rai shi ne sashe na 265a na kundin laifuffukan Jamus, wanda aka kafa tun 1935. Ya mai da shiga jirgi ba tikiti da gangan laifin da zai iya kai mutum gidan yari har shekara guda. Kamfanin jiragen kan kai ƙarar wanda aka sha kamawa, kotu ta ci shi tara, in ya kasa biya a ɗaure shi a madadin kuɗin. Galibi marasa aiki da marasa muhalli ke ƙarewa a kurkuku irin na Plötzensee. A 2024 an rage kwanakin ɗaurin madadin tara da rabi, sai dai sashen bai gusa ba, kuma ƙungiyar Freiheitsfonds na ci gaba da tara gudummawa tana biya wa fursunonin tararsu don a sake su.