Ƙa'idojin ingancin tsakin gilashi a masana'antar audugar gilashi

Tsakin gilashi shi ne fasassun kwalabe da gilasan taga da aka tattaro daga shara, aka tsabtace, aka niƙa domin a sake narkar da su. Baya ga masu yin sababbin kwalabe, manyan masu sayensa su ne kamfanonin audugar gilashi, wato shimfiɗar nan mai laushi ta zaren gilashi da ake sakawa a rufi da bango don tare zafi da sanyi da ƙara. Ƙa'idojin inganci su ne sharuɗɗan da ke fayyace irin tsakin da tanderu zai karɓa: sinadaran da ke cikinsa, girman ƙwayarsa, danshinsa, da yawan baƙin abubuwan da za a iya yafewa.

Inda tsananin ya samo asali

Sana'ar ta kafu sosai a Amurka a 1938, lokacin da kamfanonin Owens-Illinois da Corning Glass Works suka haɗa hannu suka kafa Owens Corning. A shekarun 1950 kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya ɓullo da hanyar kaɗi da akasarin masana'antu ke bi a yau. Ana narkar da yashi da tokar soda da farar ƙasa da sinadarin boron tare da tsaki a zafin da ya kai kusan digiri 1,400 a ma'aunin Salsiyos. Ruwan gilashin sai ya kwarara cikin wani kasko mai juyawa da gudu, wanda bangonsa ke da dubban ƙananan huda. Ta nan yake fita, iska mai zafi ta ja shi ya zama zaren da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba.

Waɗannan hudojin su ne tushen kusan kowane sharaɗi. Ɗan guntun tangaran da bai narke ba, a jikin kwalba aibin kwalba ɗaya ne, a jefar da ita a ci gaba. A kaskon kaɗi kuwa toshe huda yake yi, zare ya tsinke, kasko mai tsada ya lalace kafin lokacinsa.

Duk da haka masana'antu na son tsaki, don ya fi ɗanyen yashi saurin narkewa. Lissafin da aka saba da shi shi ne, duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na tsaki yana rage makamashin narkarwa da kashi 2 zuwa 3. A wasu masana'antun Turai tsaki yakan kai kashi 80 na kayan haɗin.

Abubuwan da ake gudu

Babban abokin gaba shi ne tangaran da duwatsu da ɓaraguzan bulo. Wanda ya fi su wuyar kamawa shi ne gilashin nan mai jure wuta da ake yi wa murhun lantarki fuska da shi: a ido gilashi ne sak, amma a tanderu halin dutse gare shi. Ƙarfe ana ɗauke shi da maganaɗisu cikin sauƙi. Alminiyam na murafen kwalba kuwa idan ya shiga, yakan ƙwace iskar oksijin daga narkakken yashi, ya bar ƙananan dunƙulen silikon masu tauri. Dalma tana nutsewa ƙasan tanderu ta riƙa cin daɓensa, shi ya sa ba a karɓar gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya, don akwai dalma a cikinsa.

Akwai kuma takardar jikin kwalba, roba, da ragowar lemo ko miya. Mutum zai ɗauka ai wuta za ta cinye su, kuma tana cinyewa, sai dai ƙonewarsu tana sauya ma'aunin oksijin a cikin ruwan gilashin. Daga nan kumfa ta taso ta rufe saman tanderu, zafi ya kasa ratsawa.

Launi ne inda wannan masana'anta ta yi sassauci. Mai yin farar kwalba ba ya son ko ɗigon kore, amma auduga a cikin bango take, ba mai ganinta, don haka ana karɓar gauraye. Sassaucin yana da iyaka: kwalba mai ruwan ƙasa da farar wuta da gawayi ake rina ta, kuma idan yawanta ya riƙa hawa da sauka daga mota zuwa mota, tanderu ba zai zauna daidai ba. Abin da mai saye ya fi nema shi ne kayan yau su yi kama da na jiya.

Rubutattun ƙa'idoji

A Amurka ƙungiyar ASTM mai tsara ƙa'idojin inganci ta tanadi ƙa'ida mai lamba D5359 musamman domin tsakin da za a yi zaren gilashi da shi, daban da E708 ta masu kwalabe. A Tarayyar Turai, doka mai lamba 1179/2012 ce ta faɗi lokacin da tsaki ke daina zama shara ya zama haja. A kowane tan ɗaya, baƙin ƙarfe kada ya wuce giram 50, sauran ƙarafa irin su alminiyam da dalma giram 60, takarda da roba da danginsu giram 2,000. Tangaran da duwatsu kuwa giram 100 ne ga tsakin da ya ɗara milimita 1, amma giram 1,500 ga wanda bai wuce haka ba.

Wannan tazara ta 100 da 1,500 abin lura ce, domin ita ke bayyana dabarar niƙa. Tangaran da ya zama gari yana iya narkewa a tanderu, guntu ne ba ya narkewa. Shi ya sa masu audugar gilashi da yawa suke neman a niƙa musu tsaki ya yi laushi har ya wuce ta rariya mai huda kamar milimita 1.7. Gari kuma yana da nasa sharaɗin: dole ya bushe, in ba haka ba ya dunƙule ya toshe rumbu. Alƙaluman doka mafi ƙarancin abin da ake nema ne. Kowace masana'anta tana ƙulla nata sharuɗɗan da mai kawo mata kaya, tana ɗibar samfur ta gwada, ta mayar da motar da ta gaza.

Saboda nauyin gilashi da arharsa, wurin tacewa yakan zauna kusa da tanderu. A Kansas City ta Amurka, kamfanin tace tsaki na Ripple Glass da aka kafa a 2009 yana kai wa masana'antar Owens Corning da ke yankin. A St Helens ta Ingila, kamfanin Veolia na tace wa masana'antar audugar gilashi ta Knauf a maƙwabtaka.

Zaren gilashi mai tsawo da ake ƙarfafa roba da shi, na jikin kwale-kwale da fukafukan injin iska, lamarinsa daban ne. Gilashinsa ba ya ɗaukar soda sama da kashi 2, alhali kwalba na da kusan kashi 13, don haka tsakin kwalba ba ya shiga haɗinsa sai ƙalilan.