Sashe na 9: dokar da ta hana Japan shiga yaƙi

Tsarin mulkin Japan ya fara aiki ranar 3 ga Mayu, 1947, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mamayar sojojin Amurka, kuma har yau ba a taɓa yi masa gyara ba. Sashe na 9 ne ya fi jawo muhawara, alhali sakin layi biyu ne kacal. Na farko ya ce al'ummar Japan ta rabu da yaƙi har abada, ba za ta yi amfani da ƙarfi ko barazana wajen warware rikici da wata ƙasa ba. Na biyu ya fi tsauri: ba za a riƙe sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama ba.

To ina Japan ta samo jiragen yaƙinta? A 1954 aka kafa Dakarun Kare Kai, bisa hujjar cewa sashen bai hana ƙasa kāre kanta ba, muddin ƙarfin bai wuce na tsaron gida ba. Haka aka tafi har 2014, sa'ad da gwamnatin Shinzo Abe ta faɗaɗa fassarar: Japan na iya kai wa ƙawarta ɗauki idan harin da aka kai mata yana barazana ga wanzuwar Japan. Majalisa ta mayar da hakan doka a 2015, dubban mutane na zanga-zanga a ƙofarta.

Nan ne abin ke damuna. Gyaran tsarin mulki na buƙatar kashi biyu bisa uku na 'yan kowacce daga majalisun dokokin ƙasar biyu, sannan ƙuri'ar raba gardama. Sauya fassara kuwa ba ya bi ta hannun jama'a.

Sashen bai ambaci nukiliya ba. Abin da ke akwai manufa ce da Firaminista Eisaku Sato ya bayyana a 1967: Japan ba za ta mallaki makamin ba, ba za ta ƙera ba, ba za ta bari a shigo da shi ba. Duk da haka tana fakewa da makaman Amurka, shi ya sa ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar haramta nukiliya ta 2017. Nihon Hidankyo, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki, wadda ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024, tana ci gaba da matsa wa gwamnati ta sa hannu.