Sana'ar Rubuta Labarin Komik

Marubucin komik shi ne mai tsara labarin da ake bugawa cikin jerin zane-zane, ya rarraba shi shafi-shafi, ya kuma sa wa taurarin labarin maganar da za su yi. A mafi yawan lokuta ba shi ke zana hotunan ba. Wasu na kiran komik "littafin barkwanci", sai dai sunan bai dace sosai ba, domin da yawansu labaran yaƙi ne, ko na tsoro, ko na tarihi. Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka, Birtaniya, Faransa, Beljiyam da Japan.

A Amurka, mujallar komik ta wata-wata kan ƙunshi labari mai shafi 20 zuwa 22. Hanyoyi biyu aka fi sani wajen rubuta shi. A ta farko, marubuci zai bayyana wa mai zane abin da ke cikin kowane akwatin hoto dalla-dalla, tare da zancen da za a rubuta. Ta biyu ta yi suna a kamfanin Marvel cikin shekarun 1960, inda marubuci Stan Lee kan ba masu zane irin su Jack Kirby da Steve Ditko gundarin labari kawai, su zana, sannan ya cika maganganun. Wannan hanya ta haifar da gardamar da har yau ba ta mutu ba: waye ainihin mai labarin?

Shiga sana'ar ya fi wa marubuci wuya a kan mai zane. Edita zai iya gane gwanintar zane da kallo ɗaya, amma rubutu sai ya zauna ya karanta. Manyan kamfanoni kamar Marvel da DC ba sa karɓar labarin da ba su nema ba. Don haka sabon marubuci kan nemi abokin aiki mai zane, su fitar da ɗan gajeren labari a intanet ko da kuɗin aljihunsu, ya riƙa nuna shi a tarukan komik irin na birnin San Diego da aka fara a 1970. A Birtaniya, mujallar 2000 AD, wadda ta fara fitowa a 1977, ta daɗe tana gwada sababbin hannu da labarai masu 'yan shafuka. Fitattun marubuta Alan Moore da Grant Morrison duk sun bi ta nan kafin Amurka ta neme su.

Batun da ya fi kowanne nauyi shi ne mallaka. Wanda ya yi wa babban kamfani aiki ana biyansa ne a kan kowane shafi, tauraron da ya ƙirƙira kuwa ya zama na kamfani. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da Superman, tauraron da suka ƙirƙira, ga kamfanin da daga baya ya zama DC a kan dala 130. Kamfanin ya yi ta kwasar dukiya, su kuma suka sha fama da talauci da shari'a, sai a 1975 aka amince a riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma maido da sunayensu a kan aikin. Bill Finger, wanda ya rubuta labaran Batman na farko, ya rasu a 1974 ba tare da an sa sunansa a matsayin maƙirƙiri ba. Sai a 2015 DC ta fara sa shi.

Irin wannan ƙorafi ne ya sa wasu fitattun masu zane, ciki har da Todd McFarlane da Jim Lee, suka bar Marvel suka kafa Image Comics a 1992, inda mai aiki ke riƙe da haƙƙin abin da ya ƙirƙira. A can babu tabbacin kuɗin shafi: in littafi ya yi kasuwa marubuci ya samu, in bai yi ba ya tashi a tutar babu. Shi ya sa marubuta da yawa a yau ke raba ƙafa, suna yi wa manyan kamfanoni rubutu don cefane, suna kuma buga nasu labarin a gefe.