Ska Punk

Ska punk salon kiɗa ne da ya haɗa ska na ƙasar Jamaika da kiɗan punk mai sauri da kaushi. Ana gane shi da yadda mai jita ke tsinke sauti a taƙaice a tsakanin bugun ganga, ga kayan busa irin su tirombon da saksofon, in amshi ya zo kuma a saki jitar lantarki ta yi ruri. Rawarsa ana ce mata skanking: mutum ya ɗan sunkuya, yana jefa ƙafa da hannu kamar mai gudu a wuri ɗaya.

Tushensa a Jamaika

Ska ya tsiro ne a Kingston wajen ƙarshen shekarun 1950. A lokacin, masu manyan sifikoki kan kafa kayansu a fili da dare su sa faifan Amurka, talakawa su biya ɗan kuɗi su yi rawa. Gasa ta yi zafi tsakanin Clement Dodd, wanda ake kira Coxsone, da Duke Reid, har wasu kan kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin gasa ya gane waƙar. Da irin faifan da jama'a ke so suka fara ƙaranci, sai suka koma ɗaukar makaɗan gida, waɗanda suka gauraya kiɗan baƙaƙen Amurka da mento, kiɗan gargajiyar tsibirin. Prince Buster na cikin waɗanda suka daidaita sabon bugun. Samun 'yancin kai a 1962 ya zo daidai da tashensa, shi ya sa 'yan ƙasar suka riƙe shi a matsayin nasu na kansu.

Ƙungiyar Skatalites, wadda aka kafa a 1964, ita ce ma'aunin salon. Wasu daga cikin masu busarta, har da gwanin tirombon Don Drummond, sun koyi kiɗa a makarantar Alpha ta yara maza, wadda mata masu zaman zuhudu na Katolika ke gudanarwa. Zuwa 1966 kiɗan ya lafa ya zama rocksteady, daga nan aka samu reggae. Asalin sunan ska kuwa, an yi saɓani a kansa.

Zangon Ingila

'Yan Jamaika da suka yi ƙaura zuwa Birtaniya sun tafi da faifansu, 'ya'yansu suka tashi unguwa ɗaya da 'ya'yan Turawa ma'aikata. A 1979 Jerry Dammers ya kafa kamfanin faifai na 2 Tone a birnin Coventry. Ƙungiyarsa The Specials, da The Selecter da The Beat, sun haɗa baƙi da farare a dandali ɗaya a zamanin da masu ƙyamar baƙi ke maci a tituna. Tambarinsu ma zanen dara ne na baƙi da fari. Waƙar The Specials mai suna Ghost Town ta hau matsayi na farko a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a 1981, ana tsaka da tarzoma a biranen ƙasar. A nan ne zafin punk ya fara shiga ska da gaske.

Amurka

Fishbone ta Los Angeles da Mighty Mighty Bosstones ta Boston sun ƙara wa kiɗan gudu a shekarun 1980. Da yawa na ɗaukar Operation Ivy ta Berkeley a Kalifoniya a matsayin wadda ta kafa salon, ko da yake daga 1987 zuwa 1989 kawai ta yi, kuma kundi ɗaya ta bari, Energy. Biyu daga cikinta suka kafa Rancid a 1991. Tsakiyar shekarun 1990 salon ya mamaye rediyo ta hannun Sublime da Reel Big Fish da Less Than Jake. Kafin 2000 kasuwarsa ta ja baya.

Inda ake farawa

Mai son fahimtar salon ya fi kyau ya fara da Skatalites, ya bi ta The Specials, sannan Operation Ivy. Streetlight Manifesto ta fi dacewa da mai son busa mai sarƙaƙiya. Ska-P ta Madrid da Panteón Rococó ta Meziko suna rera waƙoƙin siyasa da Sifaniyanci, Kemuri kuma daga Japan take.