Yaro ya yi ɓul-ɓul: ƙoshin lafiya ne ko ƙiba?

Mu a Kaduna da tamowa muke fama, ina ruwanmu da ƙibar yara?

Tamowa ce babbar matsalarmu, babu musu. Amma ƙiba ma ta shigo gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara 5 nauyinsu ya wuce kima. Yaron da ya taso da ƙiba yakan girma da ita, ga ciwon sukari da hawan jini na jiran sa a gaba.

Yaya zan gane ɗana ya wuce kima?

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ido na ruɗin uwa. Ki kai shi awo a asibitin unguwa, a gwada nauyinsa da tsawonsa, a duba katinsa.

Me shirye-shiryen hana ƙiba ke koyarwa?

Daga nono ake farawa: zalla har wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2. Bayan yaye kuma, wani ɓangare na ɓarnar a jakar makaranta yake. Leƙa ajin naziri a Kawo ko Unguwar Rimi lokacin tara: biskit, alawa, lemon kwali, taliyar leda da aka zuba wa sinadarinta duka. Kullum haka, safe da rana. Shi ya sa shirin da ya haɗa iyaye da malamai ya fi tasiri, don idan ɗanki ya fito da alala alhali na kusa da shi yana shan lemo, kuka za ki sha. Ya kamata makaranta ta sa doka ɗaya ga kowa: ruwa a gora, dafaffen ƙwai ko wake, yankan gwanda ko kankana.

Sai wasa. Hukumar ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu minti 180 yana motsa jiki a yini, kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa 1, barci awa 10 zuwa 13.

To in rage masa abinci?

A'a, don Allah kada ki horar da shi da yunwa, jikinsa girma yake yi. Canja abin da ke cikin kwanon za ki yi: ganye kamar zogale da alayyahu, a rage sukari a kunu da shayi. In ya ce ya ƙoshi, ki ƙyale shi, ban da ɗura. Ki kuma roƙi kakarsa ta daina rarrashinsa da alawa.