Kafin Ka Nemi Gurbin Karatun Likitan Dabbobi

Ɗaliban jami'a masu burin zama likitocin dabbobi kan zo mana, mu ma'aikatan lafiyar dabbobi, da tambayoyi kusan iri ɗaya: maki nawa ake nema, waɗanne darussa za a ɗauka, yaushe ake cike takardun neman gurbi. Zan taɓo wasu daga ciki. Sai dai da wuya ka ji wanda ya tambayi wace allurar rigakafi ta kamata ya yi kafin ya fara sa hannu a jikin dabbar da bai san tarihinta ba. Ni kuwa a nan hankalina ya fi karkata, domin ɗalibin da ya kwanta ciwo a tsakiyar zangon karatu, makin da yake ta fafutuka a kai shi ne zai fara zubewa.

Tsarin shiga ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila daga sakandare ake wucewa kai tsaye, a yi shekara 5, a Kambirij kuma 6. A Amurka da yawancin Kanada sai ɗalibi ya fara yin karatun jami'a tukuna, sannan ya nemi shiga makarantar likitancin dabbobi ya ƙara shekara 4 ya fito da digirin likitan dabbobi da ake kira DVM, daga nan ya zauna jarrabawar lasisi da ake kira NAVLE. Makarantun da aka amince da su a Amurka sun ɗan haura 30 ne kacal, Kanada na da 5, masu nema kuwa sun ninka guraben. Wannan hanya ta biyu ita nake magana a kai, amma abin da ya shafi kare lafiyar jiki na kowa ne, ko ina yake karatu.

Babu wani fanni da aka wajabta ka yi digiri a kansa. Wanda ya karanta tarihi ma yana iya shiga, muddin ya ci darussan sharaɗi: ilimin halittu, kimiyyar sinadarai da rassanta, fizik, lissafi ko ƙididdiga, ilimin gado, ilimin ƙananan halittu, da rubutu. Wasu makarantun na ƙara ilimin abincin dabbobi. Kowace makaranta da nata jerin, don haka tun a shekarar farko ka zaɓi waɗanda kake hari, ka jera sharuɗɗansu gefe da gefe. Tun ran gini ran zane. Darussan sinadarai a jere suke, wani sai an ci wani ake shigarsa, wanda ya makara da na farko ya jawo wa kansa ƙarin shekara.

Na san da yawa kan ɗauki darasin sinadaran jiki tamkar shingen da aka gindaya don a rage jama'a. Ga abin da ke cikinsa. Farasitamol ɗin da mutum ke sha don ciwon kai, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke warware maganin ya fita daga jiki. Maganin ƙuma mai sinadarin famitirin da ake ɗiga wa kare a ƙeya, aka ɗiga wa kyanwa sai ta kama karkarwa da farfaɗiya. Jan ƙarfen da ake ƙarawa a abincin shanu yana taruwa a hantar tumaki har wata rana ya kashe su. Doki ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki ke zame masa abin gaggawa. Likitan mutane jinsi ɗaya yake karanta. Kai za ka riƙe na kare, da na mai tumbi irin saniya da tunkiya, da na tsuntsu, kuma duk tushensu yana cikin waɗancan darussa da kake gyangyaɗi a cikinsu.

Sai aikin hannu. Yawancin makarantun Amurka ta kafa ɗaya ake nemansu, mai suna VMCAS, kuma takardarta ta raba gogewa gida biyu: aikin da ka yi ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, da mu'amala da dabbobi wadda babu likita a wurin, kamar aikin gona ko gidan kula da dabbobin da aka yasar. Na farkon ya fi nauyi. Kada duk lokacinka ya ƙare a asibitin karnuka da kyanwoyi. Ka bi likitan shanu zuwa garke, ka leƙa ɗakin gwaje-gwaje inda ake feɗe mushe don gano sanadin mutuwa, in da hali ka ga aikin masu duba nama a mayanka. Gani ya kori ji. Akwai wanda a can zai gane wari da jini da kuka ba nasa ba ne, kuma gara ya gane yanzu da bayan ya ci bashi. Ka ajiye ɗan littafi a aljihu: rana, wuri, awa nawa, sunan likita, abin da ka gani, abin da ba ka gane ba. Bayan shekara uku ba za ka iya tuna waɗannan da ka ba, takardar kuwa za ta tambaye ka.

Yanzu ga inda nake son ka natsu. Kusan kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan Adam daga dabbobi suke tasowa, kuma sabon shiga shi ya fi zama cikin haɗari, don shi ake miƙa wa tsintsiya da bokiti, shi kuma ke jin nauyin cewa bai iya ba.

Haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tashi. Akwai allurar da ake yi tun kafin cizo, sau biyu, tsakaninsu kwana 7, kuma makarantu da yawa sai ka nuna shaidarta kafin su bar ka shiga asibitinsu. Kada ka jira sai sun nema. Ka kuma sani cewa yin ta bai ɗauke maka zuwa asibiti ba idan an cije ka: za ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a ƙara maka allura biyu. Ita kuma allurar ciwon sarƙe-haƙora, duk shekara 10 ake sabunta ta, ka duba katinka.

Cizon kyanwa shi aka fi rainawa. Haƙorinta siriri ne, yakan bar ɗan ɗigo biyu da ko jini ba sa yi sosai, amma ya riga ya kai ƙwayar cuta can cikin gaɓar yatsa, saman kuma ya rufe. Kafin gari ya waye hannu ya kumbura, ya yi ja, yatsa ya ƙi lanƙwasuwa. Cizo a hannu ko kusa da gaɓa, a ranar ake nuna wa likita. Ka kuma faɗa wa mai kula da kai. Ɗalibai kan ɓoye don kada a ce musu sakarkaru, alhali duk wanda ya daɗe a aikin nan yana da tabonsa.

Maruƙa masu zawo na ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna kiriftosiforidiyam, wadda ta sha kwantar da ɗaliban likitancin dabbobi rukuni-rukuni a makarantu daban-daban. Kamar mako guda bayan ka shayar da maraƙi, sai zawo kamar ruwa ya taso maka da murɗar ciki. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta, sai wanki da sabulu da ruwa. Kada ka ci ko ka sha a cikin garke, kada ka riƙe biro da haƙori, kada ka daddana waya da safar hannu a hannunka sannan ka kara ta a kunne. Takalmin roba da rigar aiki su tsaya a wurin aiki.

Wurin haihuwa ya fi ko'ina. Saniyar da ta yi ɓari, da mabiyiyarta, da ruwan haihuwarta, na iya ɗauke da cutar burusela, mai sa mutum zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da gumin dare da ciwon gaɓoɓi na tsawon watanni. A wurin tumaki da awaki kuma akwai zazzaɓin Q, wanda ta ƙurar wurin ma ake shaƙarsa. Doguwar safar hannu mai kaiwa kafaɗa da takunkumi ba ado ba ne. Ɗaliba mai juna biyu, ki sanar da likitan da kike bi tun da wuri, ko da a asirce ne: bai kamata ki tsaya wurin haihuwar tumaki ba, ko ki taɓa allurar da ake daidaita wa shanu lokacin barbara, don tana ratsa fata ta jawo ɓari. Mai asma ma ya nisance ta. Duk wanda ya yi zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya gaya wa likitansa da bakinsa cewa yana aiki da dabbobi. Ba kowane likita ne zai yi tunanin tambaya ba.

Sirinji ma abin tsoro ne. Maganin Micotil da ake yi wa shanu don ciwon huhu ya kashe mutanen da suka soki kansu da shi bisa kuskure, domin zuciya yake bugawa. Kada ka sa sirinji mai magani a aljihu, kada ka cire murfin allura da baki. Ka koyi inda ake tsayawa: saniya na iya harbi ta gefe, doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, kuma ba a shiga tsakanin babbar dabba da bango. Idan za a ɗauki hoton ƙashi aka ce ka riƙe dabbar, sai da rigar dalma da safarta. In babu, ka ce a'a cikin ladabi. Likitan kirki ba zai riƙe ka da wannan ba.

Wasiƙun shaida uku ake nema a ƙalla, kuma makarantu da yawa na son ɗaya ta fito daga likitan dabbobi. Wanda ya gan ka kana wanke keji ba tare da an sa ka ba, ya fi babban farfesan da ko sunanka bai riƙe ba abin rubutawa. Ana rufe karɓar takardu a tsakiyar Satumba, shekara guda kafin fara karatun, don haka ka roƙe su tun watanni kafin lokacin. Jarrabawar GRE, ta shiga karatun gaba da digiri, da aka daɗe ana nema, yawancin makarantu sun ajiye ta.

Ka yi lissafin kuɗi da idonka a buɗe. A Amurka abu ne da aka saba ɗalibi ya fito da bashin da ya haura dala 100,000, kuma makarantar gwamnatin jihar da kake zaune ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ta wata jiha. Akwai kuma nauyin zuciya. Za ka tsaya ana yi wa dabbar da ta gama wahala allurar ƙarshe, mai ita na kuka a gefenka. Za ka ga wadda za ta warke amma mai ita ba shi da halin biya. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta fitar a 2019 ya nuna kashe kai ya fi yawa tsakanin likitocin dabbobi a kan sauran jama'a. Saboda haka idan barci ya ƙaurace maka makonni, ko ka ji komai ya fita a ranka, ka je ofishin ba da shawara na jami'arku, kamar yadda za ka kai musu hannun da ya kumbura.

Idan ba a ɗauke ka a karon farko ba, da yawa sai a na biyu suke shiga. Wasu makarantu kan yarda su zauna da kai su nuna maka inda takardarka ta yi rauni. Ka rubuta musu ka nemi hakan da zarar sakamako ya fito, tun kafin a buɗe zagaye na gaba.