Mene ne mayar da shirin jana'iza daga wani kamfani zuwa wani?

A Katsina in aka yi rasuwa da hantsi, kafin la'asar an yi wa mamaci wanka da sutura, an sallace shi, an kai shi Ɗan Takum ko Ɗan Marna. Makara tana jingine a masallaci, likkafani ko maƙwabci ya kawo, masu haƙar kabari kuwa ɗan abin da aka ba su bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa in ɗan'uwanmu da ke Amurka ko Ingila ya ce ya biya kuɗin jana'izarsa tun yana da rai, sai jama'a su hau kallon juna.

Can jana'iza sana'a ce ta kamfanoni. Su ke ɗauko gawa daga asibiti, su adana ta, su nemo takardun izini, su kawo mota da akwati. A 2023, ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka ta ce matsakaicin kuɗin jana'izar binnewa dala 8,300 ne, ban da kuɗin kabarin. To, mutum kan zauna da kamfani ya zaɓi abin da yake so a yi masa, ya biya gaba ɗaya ko kaɗan-kaɗan, don kada ya bar wa iyali nauyi. Idan daga baya ya ƙaura, ko kamfanin ya canza hannu, ko ya gano ba su san yadda ake shirya gawar Musulmi ba, sai ya nemi a ɗauke yarjejeniyar a kai wani kamfanin. Abin da ake nufi ke nan.

Tambayar farko ita ce ina kuɗin suke. Galibi ba a aljihun kamfanin suke ba: ko suna asusun amana a banki, ko an sayi inshorar rai da su wadda za ta biya ranar da aka rasu. Ta inshora ta fi sauƙin ɗaukewa, domin sunan wanda za a biya kawai ake sauyawa. Ta asusun amana kuwa a Amurka dokar jiha ce ke hukunci, kuma kowace jiha da tata. New York ta wajabta a ajiye duk kuɗin, wasu jihohin kuma sun yarda kamfani ya riƙe wani kaso. Asusun yana tara kuɗin ruwa, wannan kuma magana ce da ya kamata a kai wa malami kafin a sa hannu.

Inda mutane suka fi shan mamaki shi ne farashi. Kamfanin farko yakan yi alkawarin cewa ko kaya sun yi tsada, ba zai ƙara ko sisi ba. Alkawarin nasa ne shi kaɗai. Kamar wanda ya biya ɗan kasuwa kuɗin buhun gero tun kaka ne, sai da bazara ya karɓi kuɗinsa ya nufi wata rumfar: zai tarar da farashin bazara. Sabon kamfani yana iya amincewa da tsohon farashi, yana iya cewa a ciko. Don haka a fara zuwa wurinsa da takardar, a ji bakinsa a rubuce, sannan a sanar da na farko. Dokar da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa a 1984 ta tilasta wa kowane kamfani ya ba mai tambaya jerin farashinsa dalla-dalla. A karɓa, a gwada da na hannu.

A Ingila, tun 29 ga Yuli 2022 hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta karɓi kula da wannan kasuwa, 'yan watanni bayan durƙushewar kamfanin Safe Hands mai sayar da irin wannan shiri, da ke da masu biya kusan 46,000. Duk mai sayar da shirin yanzu sai da izininta.

Akwai kuma yarjejeniyar da ake iya sokewa a karɓi kuɗi, da wadda ba a sokewa. Tsofaffi a Amurka kan zaɓi ta biyun don kada a lissafa kuɗin cikin dukiyarsu lokacin neman tallafin lafiya na Medicaid. Ita ma yawanci ana iya kai ta wani kamfanin, amma ba a mayar wa mutum da tsabar kuɗi. A ganina nan ne ya fi shafar namu. Dattijon da ke da niyyar dawowa Daura ya ƙarasa rayuwarsa cikin dangi ba shi da kamfanin da zai mayar wa shirin a gida, kuma ɗauko gawa a jirgi zuwa Najeriya lissafi ne daban wanda shirin bai cika ɗauka ba. Irinsa ya nemi wadda ake sokewa, ya tambayi nawa za a yanke in ya soke, ya kuma ba 'ya'yansa kwafen takardar su san inda take.